Kwamfuta a Ajin Ƙididdiga: Wa Ke Jan Akalar Wani?

Tun shekarar 1968 da aka fito da manhajar SPSS a Amurka, lissafin da kan ci wa ɗalibi mako guda ya koma na ƙiftawar ido. A yau da wuya a sami kundin neman digiri a fannin kasuwanci wanda bai bi ta cikinta ko ta Excel ba. Ba wanda zai musa amfanin wannan. Abin da muke suka shi ne yadda ake koya wa ɗalibi danna maɓalli a bar shi bai san ma'anar amsar da ta fito ba.

Alal misali, a ce manoma 10 na Doguwa sun kai masara kasuwa. Tara daga cikinsu kowa buhu 10 ya sayar, na goman, babban manomi, ya sayar da buhu 910. Kwamfuta za ta ce matsakaicin abin da manomi ya sayar buhu 100 ne. Lissafi ya yi daidai, amma labarin ƙarya ne, domin in aka jera su daga ƙarami zuwa babba, na tsakiya buhu 10 ne kacal. Bankin da ya ba da rance bisa buhu 100 ya jefa mutum tara cikin bashin da ba su iya biya. Na'ura ba ta zaɓa wa mutum awon da ya dace.

Haka kuma ba ta tambayar ko tiyar wannan kasuwa ɗaya take da ta waccan, ko farashin na kaka ne ko na tsakiyar damina. Abin da aka zuba mata shi take niƙawa, ko da tsakuwa ce.

To, ina mafita? Malamai su rage misalan kantunan Ingila da ke cikin littattafai. A tura ɗalibai kasuwar Kafin Maiyaki ta Kiru, da wajen masu shinkafa a Tudun Wada, da masuntan madatsar Tiga a Bebeji, su tattaro farashi da hannunsu na tsawon zango guda. Su fara lissafawa da alƙalami, sannan a ba su kwamfuta. A jarrabawa kuwa, a ba su sakamakon na'ura a ce su bayyana shi da Hausar da ɗan kasuwa zai gane. Wanda ya kasa wannan bai iya ƙididdiga ba, kome yawan jadawalin da ke cikin kundinsa.