Wankin da Ba Ya Son Ƙarfi

A watan Satumban 1987, a birnin Goyaniya na ƙasar Brazil, 'yan gwangwan suka kwaso wata na'urar gashin ciwon daji daga wani asibiti da aka yi watsi da shi. Da aka fasa ta, sai ga wani gari mai shuɗin haske a cikin duhu. Ashe siziyom-137 ne, mai fitar da tururin nukiliya, mutane kuwa har shafa shi suka yi a jiki. An auna mutum kusan 112,000, aka samu garin ya taɓa 249, huɗu suka rasu.

Masu wanke irin wannan fata gwanaye ne na gaske, gwanintarsu kuwa tana cikin taushin hannu. Sukan fara da tuɓe wa mutum tufafi a hankali, ba kakkaɓewa, domin yawancin burbushin a nan yake maƙalewa. Sai na'urar Geiger mai auna tururin ta bi jiki lungu-lungu, inda ƙararta ta tsananta a yi alama. Idan da rauni, shi ake fara wankewa a rufe, don ta nan gubar ke shiga jini.

Ruwan mai ɗumi-ɗumi ne, sabulun marar kaifi. Ruwan zafi yana ƙara gudun jini a fata, jiki ya fi zuƙar gubar. Daga gefe ake sharowa zuwa tsakiya, kamar mai tattara gero a tabarma, kada wurin ya faɗaɗa. Kowane ƙyalle shafa ɗaya, sai jaka. Ruwan wankin ma tara shi ake yi.

In sabulu ya gaza, wasu ƙarafan masu fitar da wannan tururi suna da nasu maganin. Ruwan sinadarin DTPA yana damƙe fulutoniyom ya fita da shi. Yuraniyom, irin wanda ake haƙowa a garin Arlit, ruwan bikabonet ne ke ɗaga shi. Idan burbushin ya lafe a tafin hannu, sai a sa safar roba, gumi ya turo shi waje.

Abin da ya fi burge ni shi ne sanin lokacin tsayawa. Bayan kowane wanki ana sake aunawa. Da zarar fata ta soma ja, gwani ya janye hannu, ko da na'urar ba ta yi shiru ba. Ya san lafiyayyar fata katanga ce, kuma samanta na saɓulewa da kanta cikin 'yan makonni, ta tafi da ragowar. Mai gaggawar dirza ya buɗe wa gubar hanya da hannunsa.