Ƙirar Gida: Darajar Kayan Keken Birtaniya a Idon Masu Hawansa

A shekarar 2002 kamfanin Raleigh ya daina haɗa kekuna a Nottingham, garin da ya yi fiye da shekara ɗari yana aiki, ya mayar da aikin ƙasashen Asiya. Shekara biyu kafin nan, Sturmey-Archer, mai yin giyar da ke ɓoye a cibiyar wilin baya, ya durƙushe a wannan gari, wani kamfanin Taiwan mai suna SunRace ya saye sunan da injunan. Wannan labari ya shafe mu ta wata fuska, domin Raleigh ya taɓa samun masana'anta a Kano, kuma iyayenmu sun san baƙin kekensa a matsayin abin da ake saya sau ɗaya a rayuwa. A can gidansa kuwa, yawancin kekunan da ake hawa yanzu giyarsu da birkinsu na Shimano ne na Japan, ko na SRAM na Amurka. Duk da haka, in Baturen Ingila mai son keke ya ce wani ƙarfe ƙirar gida ne, da alfahari yake faɗa, kuma a shirye yake ya biya kuɗi fiye da kima. Abin tambaya shi ne ko kayan sun cancanci wannan daraja, ko kuwa tsohon suna ne kawai ake ci.

Sunan yana da tushe. A Coventry ne John Kemp Starley ya fito da keken Rover a 1885, mai wili biyu masu kusan girma ɗaya da sarƙa zuwa baya, wato siffar da keke yake da ita har gobe. A Birmingham, Alfred Reynolds ya yi rajistar wata dabara a 1897 ta yin bututun ƙarfe mai kauri a bakinsa inda ake haɗi, siriri a tsakiya inda babu wahala sosai, don firam ya yi ƙarfi ba tare da nauyi ba. Bututun kamfaninsa mai lamba 531 da ya fito a 1935 ya shafe shekaru da dama yana zaman ma'aunin keke mai kyau a Turai baki ɗaya. Da suka fito da 753 a shekarun 1970, ba kowane maƙeri suke sayar wa ba, sai wanda ya aiko da gwajin haɗinsa aka duba aka yarda, saboda wuta in ta yi yawa tana kashe ƙarfin ƙarfen. A kan keken Raleigh mai irin wannan bututu Joop Zoetemelk ya ci gasar zagaye Faransa a 1980. Kamfanin da ke ƙin sayar da hajarsa don kada a ɓata masa suna ya san abin da suna yake nufi, kuma har yanzu Reynolds yana aiki a Birmingham.

Sai dai akwai inda Birtaniya ta yi barci, kuma masu kishinta ba su cika son tuna wannan ba. Tun ƙarshen ƙarni na 19 hukumar wasan keke ta ƙasar ta hana tseren jama'a a kan titi, sai aka koma tseren da kowa ke fita shi kaɗai ana auna masa lokaci, galibi da sassafe a hanya mai laushi. Mai irin wannan tsere giya ɗaya ta ishe shi. A Italiya da Faransa kuwa ana hawan duwatsu ana rige-rige, don haka can ne giyar waje mai sauya sarƙa daga haƙori zuwa haƙori ta bunƙasa a hannun su Campagnolo da Simplex da Huret. Ko da tseren titi ya dawo Birtaniya a 1942, 'yan tseren gida da kansu kayan Italiya suke mafarki. Kamfanonin gida irin su Williams mai yin faifan sarƙa da GB mai yin birki sun yi ta ja da baya, daga bisani Japanawa suka zo da kaya masu arha da inganci suka ƙarasa su. Ba za a ce masu saye sun ci amanar ƙasa ba. Sun gwada, sun ga wanda ya fi.

Labarin Sturmey-Archer ne ya fi koyar da darasi. An kafa shi a 1902, kuma giyarsa mai hawa uku da ake kira AW, wadda ta fito a 1936, tana cikin abubuwa mafi ƙarko da aka taɓa sa wa keke. Komai nata a rufe yake, ruwa da laka ba su kai gare shi, ɗigon mai kawai take so lokaci zuwa lokaci. A jikinta ake buga wata da shekarar da aka yi ta, shi ya sa mai gyara zai ɗaga tsohon keke ya karanta ya ce wannan ta 1950 da wani abu ce, kuma tana juyawa lafiya. Amma tana da aibi sananne: in wayar giya ta ɗan saki, akwai gurbi tsakanin giya ta biyu da ta uku inda feda ke zamewa babu riƙo, mai hawa ya tashi tsaye yana taka tudu sai ya ji ƙafa ta tafi a banza. An yi shekaru ana sayar da ita haka. A ƙarshen zamanin Nottingham injunan sun tsufa, ba a zuba kuɗin sabunta su ba, ingancin aikin ya ragu. Da aikin ya koma Taiwan, masu gyara da yawa a Birtaniya sun shaida cewa sabbin sun fi na ƙarshen-ƙarshen gida kyau. Abin yana da ɗaci ga ma'aikatan da suka rasa abincinsu, kuma laifin ba nasu ba ne, na masu jarin da suka tatsi suna suka ƙi ciyar da shi ne.

Sirdin Brooks wani al'amari ne daban, don shi ƙauna da gaba yake haifarwa. John Boultbee Brooks ya fara sana'ar fata a Birmingham a 1866, ya yi rajistar sirdin keke a 1882, samfurin B17 kuma tun shekarun 1890 ake yin sa, yau a masana'antar Smethwick. Fata ce mai kauri da aka ɗaure a kan ƙarfe. Sabonta da tauri take, kamar sabon takalmin fata da sai ƙafa ta sha wuya kafin ya saba da ita, amma in ta ɗauki siffar mai ita, masu doguwar tafiya ba su yarda su canza ta. Wasu kuwa sun haƙura sun jefar tun ba a je ko'ina ba. Tana son a shafa mata mai, tana son a rufe ta in ana ruwa, a ƙasar da ruwan sama ba ya da lokaci, kuma ta fi sirdin roba nauyi nesa ba kusa ba. Tun 2002 kamfanin Selle Royal na Italiya ne mai Brooks, kuma sirdinsu na roba da auduga mai suna Cambium a Italiya ake yin sa. Masu saye sun san haka, bai kuwa rage musu ƙauna ba, abin da ke nuna cewa hannun da ya yi aikin da daɗewar kayan sun fi damun su a kan wanda ke karɓar riba.

Wanda ya fi ɗaukar tutar ƙirar gida a yau shi ne Hope Technology, a ƙaramin garin Barnoldswick na Lancashire. Ian Weatherill da Simon Sharp ne suka kafa shi, dukkansu sun koyi aikin ƙarfe a masana'antar Rolls-Royce ta garin, mai yin sassan injin jirgin sama. Sun fara da birki mai faifai na keken hawan dutse a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da mutane ke ganin abin babur ne, sannan suka shiga yin cibiyar wili. Daga dunƙulen alminiyam suke sassaƙa kayansu da injuna masu kwamfuta, su rina su launi-launi a nan cikin gida. Cibiyarsu ta baya tana da ƙara in an daina taka feda, har ana gane ta daga nesa. Su ne kuma suka haɗa hannu da kamfanin motoci na Lotus suka yi keken da 'yan wasan Birtaniya suka hau a gasar Olamfik ta Tokyo.

In an saurari masu amfani da kayan Hope, ba lambar zinare suke fara ambata ba. Cewa suke yi an yi kayan ne don lakar arewacin Ingila, wadda ke cinye boris cikin hunturu ɗaya, kuma in boris ya mutu ana fitar da shi a sa sabo, in robar birki ta tsufa ana samun irinta ko da birkin ya shekara goma. A ganina nan ne ainihin darajar take, kuma ita ce zaren da ya haɗa Hope da tsohuwar AW da sirdin fata da jakunkunan Carradice da ake ɗinkawa a garin Nelson tun shekarun 1930, waɗanda maɗinkin kowace jaka ke rubuta sunansa a ciki. Kaya ne da aka yi da niyyar a gyara su. Duk mai gyaran keke a bakin kasuwa ya san bambancin ƙarfen da ake kwancewa a wanke a mayar da wanda in ya lalace sai bola.

Ba na so in wuce gona da iri. Kayan nan suna da tsada, kuma birkin Shimano na matsakaicin farashi yana tsayar da keke sarai, mai zuwa aiki da keke bai rasa komai ba don bai sayi Hope ba. Ƙirar gida ta koma abin masu hali da masu tsananin sha'awa, alhali a da Raleigh keken ma'aikaci da ɗan makaranta yake yi. Kuma babu keken da za a haɗa gaba ɗaya da kayan Birtaniya cikin sauƙi a yau. Ko Brompton, keken naɗewa da Andrew Ritchie ya ƙirƙira a 1975, wanda ake haɗa firam ɗinsa da hannu a Landan, giyar Sturmey-Archer da ke cikin wilin da dama daga samfuransa daga Taiwan take zuwa.