Masu Auna Duniya da Inuwarta

Babu wanda ya taɓa ganin ko ɗaya daga cikin duniyoyi bakwai da ke kewaya tauraron TRAPPIST-1, ko da a hoto. Haskensa ma sai ya yi tafiyar kusan shekara 40 kafin ya iso mu. Duk da haka an san girman kowacce, an san nauyinta, an san kwanakin da take ɗauka kafin ta zagayo.

Masana taurari suna zuba wa tauraron ido ne dare bayan dare. Idan wata duniya ta gitta ta gabansa, sai haskensa ya ɗan dushe, kamar ƙwaro ya wuce gaban fitilar da ke can nesa. Raguwar ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Daga yawan dushewar ake lissafa girman duniyar, daga tazarar da ke tsakanin gittawa biyu kuma a gane tsawon shekararta. Ta can ciki kwana ɗaya da rabi ne shekararta, ta ƙarshe kusan kwana 19. Michaël Gillon da abokan aikinsa na Jami'ar Liège a Beljiyam ne suka fara gano uku a 2016, da ɗan madubin hangen nesa mai faɗin santimita 60 a La Silla ta ƙasar Chile. A 2017 adadin ya kai bakwai.

Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka auna nauyinsu: da makara! Duniyoyin sun matsu kusa da juna, kowacce na jan 'yar'uwarta, don haka wata kan riga lokacinta, wata ta makara da 'yan mintoci. Masanan suka yi ta tara waɗannan mintoci shekara da shekaru, suka juya su zuwa nauyi. Da aka haɗa nauyi da girma, sai ta bayyana cewa na dutse ne irin tamu.

Uku daga cikinsu suna inda ruwa zai iya kwanciya bai daskare ba, bai ƙafe ba, in har akwai iskar da ta lulluɓe su. A 2023 madubin hangen nesa na James Webb ya auna zafin ta can ciki, ya sami kimanin digiri 230 a gefen da ke fuskantar tauraron, alamar ba ta da wata iska mai kauri. Sauran sun fi wuya, domin tauraron kansa yana da tabo-tabo kuma yana yawan tartsatsi, sai an fara tace nasa hasken kafin a karanta na duniyar.