Kwanon Ƙarfe da Tulun Kimci: Nazarin Teburin Cin Abinci a Koriya ta Kudu

Wanda ya shiga gidan abinci a Seoul ya ce a kawo masa miya da shinkafa, kafin miyar ta iso zai ga an jera masa ƙananan faranti huɗu ko shida waɗanda bai nema ba: kabejin da ya yi tsami cikin barkono wanda ake kira kimci, tsiron wake, ƙananan kifaye da aka soya da zaƙi, wani lokaci da ɗan ƙwai. Sunansu bancan, su ne mahaɗin shinkafa, ba a biyan kuɗinsu, kuma in sun ƙare sai a ƙaro. Ruwan sha ma kyauta ne. Ba a barin tukuici ga mai hidima. A wasu wuraren akwai ɗan maɓalli a gefen tebur da za ka danna a zo, cokali da 'yan sandunan ƙarfe kuwa suna cikin aljihun teburin, kai za ka ciro. In nama ya yi tsawo ko taliya ta ƙi yankuwa, almakashi za a miƙo maka.

Baƙo kan saba da waɗannan cikin ɗan lokaci. Barkono da tafarnuwa ma ba su ne matsalar ba, balle ga Bahaushen da ya tashi da yaji. Abin da ke daɗewa yana ba shi mamaki shi ne cewa a wannan tebur kwanon shinkafa kaɗai ne naka. Sauran duk na tsakiya ne. Tukunyar miyar tana tafasa a tsakiya, naman yana gasuwa a tsakiya, kowa yana kai hannu. An shirya teburin ne bisa zaton cewa duk waɗanda ke zaune za su ci abu ɗaya, a lokaci ɗaya, su tashi tare. Karamcinsa daga wannan zato ya fito, ƙuncinsa ma daga nan.

Ladubban suna bin shekaru ne. Ba a ɗaga cokali sai babba ya ɗaga nasa. Ƙarami ne ke raba cokula da zuba ruwa, shi ne kuma ke juya nama a kan wuta. In za ka miƙa wa babba abin sha ko ka karɓa daga gare shi, da hannu biyu za ka yi. Ba a ɗaga kwanon shinkafa zuwa baki kamar yadda ake yi a Japan da Sin, a kan tebur ake barinsa a ci da cokali. Ba a kuma soka sanduna a tsaye cikin shinkafa, domin hakan na tuna wa mutane abincin da ake ajiye wa kakannin da suka mutu. Shi ya sa Bakoriye ke tambayar shekarunka tun a haɗuwar farko. Ba shisshigi yake yi ba, yana son ya san wane ne zai zuba wa wani, da kuma irin harshen da zai yi maka magana da shi.

Masu tallar al'adar Koriya sukan gabatar da duk wannan tamkar haka aka gada tun kaka da kakanni, amma tarihi bai goyi bayansu sosai ba. A zamanin daular Joson, wadda ta yi mulki daga 1392 zuwa 1910, mai gida na gidan mutunci shi kaɗai yake cin abinci a kan ɗan ƙaramin teburinsa mai gajerun ƙafafu da ake kira soban. Ko a wurin biki, kowane baƙo da nasa teburin. Mata da yara su ne ke cin abin da ya saura bayan an ɗauke. Taruwar iyali duka a kan faffaɗan tebur ɗaya ta yaɗu ne a ƙarni na 20, lokacin da mulkin mallakar Japan da yaƙi da ƙaura zuwa birni suka rushe tsohon tsarin gida. Shi kansa jan kimci ba tsoho ba ne kamar yadda ake zato. Barkono ɗan nahiyar Amurka ne, bai shiga Koriya ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 16, rubutun farko da ya ambace shi a 1614 ma cewa ya yi yana da guba. Sai a ƙarni na 18 aka fara samun bayanin zuba shi cikin kimci, kabejin mai dunƙulallen kai da aka fi sani yau kuwa daga baya ya zama ruwan dare.

Mafi yawan abin da baƙo ke gani a yau yunwa ce ta tsara shi, gwamnati ta sa masa hannu. Yaƙin 1950 zuwa 1953 ya bar ƙasar cikin talauci mai tsanani. A Uijeongbu, inda sansanonin sojan Amurka suke a lokacin, mutane suka riƙa samun naman gwangwani da tsiran alade daga barikin suna dafawa da kimci da barkono, abin da ya zama budae jjigae, miyar da har yanzu matasa ke rububi. Naman gwangwanin nan na Spam ya samu daraja har ana shirya shi cikin kwali mai ado a kai wa surukai a bikin Chuseok. Taliyar leda ta farko, ta kamfanin Samyang, ta fito a 1963 domin ta toshe giɓin shinkafa da garin alkamar tallafi. A mulkin shugaba Park Chung-hee aka tilasta cakuɗa shinkafa da sha'ir. Malaman makaranta suna buɗe kwanon abincin yara su duba ko an bi doka, aka kuma ware Laraba da Asabar a matsayin ranakun da gidajen abinci ba za su sayar da shinkafa da rana ba. A 1965 aka hana yin giya da shinkafa, daga nan giyarsu ta soju ta koma ta dankali da rogo mai arha. Ɗan kwanon ƙarfen nan mai murfi da ake kawo shinkafa a ciki a kusan kowane gidan abinci, hukuma ce ta ƙayyade faɗinsa da zurfinsa a shekarun 1970 don a rage yawan abin da mutum ke ci. Dokar ta daɗe da mutuwa, kwanon yana nan. Gaisuwar da tsofaffi ke yi, ta tambayar ko ka ci abinci, a bakin wanda ya rayu a waɗancan shekarun tambaya ce ta gaske.

Kimjang, wato haɗa kimcin hunturu a ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba, shi ne al'adar da ta fi kusa da hoton da ake zanawa. Dangi da maƙwabta kan taru, a jiƙa tulin kabeji da gishiri, a wanke, a shafe kowane ganye da haɗin barkono, tafarnuwa, citta da jatan landen da ya kwanta cikin gishiri, a da can a cusa cikin tuluna a binne su a ƙasa. UNESCO ta saka shi cikin al'adun gado na duniya a 2013. Wanda ya san yadda daddawa ke canza miya zai gane abin da Bakoriye ke nema a kimci da kuma doenjang, niƙaƙƙen waken soyar da ya daɗe yana nuna a tulu: warin da baƙo ke toshe wa hanci shi ne ɗanɗanon gida. Sai dai kalmar "taruwa" tana rufe wani abu. Aikin na mata ne, galibi matar ɗa a gidan surukarta, a durƙushe cikin sanyi yini guda. Da firijin kimci ya shigo kasuwa da ƙarfi a 1995 da samfurin Dimchae, tulu ya bar ƙasa ya hau bene. Yau gidaje da yawa suna sayen kabejin da aka riga aka jiƙa, wasu kuma sun daina gaba ɗaya, gidajen abinci da dama kuwa kimcin da suke ƙarowa kyauta daga Sin ake shigo da shi. Ba na ganin laifin matan da suka yar da wannan aiki. Al'adar da ke tsaye a kan ciwon bayan mutum ɗaya, ranar da ya samu zaɓi dole ta sake kama.

Kyautar bancan ma tana da farashi. Faranti da yawa na nufin saura da yawa. Ƙasar ta hana binne sauran abinci a juji a 2005, daga 2013 kuma kowane gida yana biyan kuɗin abin da ya zubar, a wasu unguwanni da kati ake buɗe kwandon shara ya auna nauyin. Baƙi da yawa sun fi shan wuyar koyon rarraba shara a kan koyon riƙe sanduna.

Ga Musulmi, ɗalibi ne ko ma'aikaci, a nan zancen ke yin nauyi. Naman alade shi ne naman yau da kullum. Gasasshen tumbinsa, samgyeopsal, shi ne abincin fitar ma'aikata da shugabansu bayan tashi daga aiki, abin da suke kira hoesik, kuma soju ce abokiyar tafiyarsa. Alade na ɓuya inda ba a zato: cikin romon taliya, cikin miyar kimci, cikin naɗin shinkafar gimbap. Mai abinci zai ce maka babu nama, da zuciya ɗaya, domin a wurinsa ɗan yankan tsiran alade ba ya cikin lissafin nama. A ƙasar da kowa ke da farantinsa, ƙin cin wani abu al'amarinka ne kai kaɗai. A tebur mai tukunya ɗaya kuwa, ƙin naka ya shafi kowa: ko dai duk su sauya abin da za su ci saboda kai, ko ka zauna kana tsintar bancan suna jin nauyinka. Abokan aiki da yawa sukan zaɓi na farkon, su kai ka gidan kifi ko na kaza, wannan kuma karamci ne da ya fi na faranti kyauta. Akwai babban masallacin Seoul a Itaewon tun 1976, da shagunan halal a kewayensa, amma a ƙananan garuruwa mutum kan koma dafa nasa. An kuma ga ɗayar fuskar a Daegu, inda wasu maƙwabtan da ke adawa da ginin masallaci kusa da jami'ar Kyungpook suka ajiye kawunan alade a bakin wurin a 2022, suka yi ta gashin nama a kan titi, duk da kotun ƙoli ta ce a ci gaba da ginin.

Ba baƙo kaɗai wannan tebur ke takura wa ba. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na gidajen Koriya ta Kudu yanzu mutum ɗaya ne a ciki, alhali gidajen gashi da yawa ba sa sayar da abincin mutum ɗaya, sai na biyu. Cin abinci kai kaɗai, honbap, a da abin tausayi ne. Yanzu an buɗe wurare masu kujerun da ke fuskantar bango, shagunan unguwa masu kwana a buɗe suna sayar da abincin rana a kwali. Shirye-shiryen mukbang, inda mutum ke cin abinci a gaban kyamara dubbai na kallo, a Koriya suka fara wajen 2010, kuma da wuya a raba farin jininsu da yawan masu ci su kaɗai. Matasan ma'aikata suna zame wa hoesik ba tare da jin kunyar da iyayensu za su ji ba. Shinkafar da gwamnati ta taɓa auna wa mutane da kwano, a 1970 kowane mutum na cin kilo 136 nata a shekara. A 2023 bai kai kilo 57 ba, nama ya riga ya wuce ta, ma'aikatar noma kuma tana neman hanyar da za ta sa a ci rarar da ke jibge a rumbuna.