Rawar minti ɗaya ba ta isa gano galahanga ba

Wataƙila ka ci karo da labarin a farkon 2025: wai an ƙirƙiro wasan bidiyo da ke gano yaro mai galahanga, wato otizim, cikin minti ɗaya. Sunansa CAMI, aikin masu bincike ne na cibiyar Kennedy Krieger a Baltimore ta Amurka da Jami'ar Nottingham Trent ta Ingila. Yaro zai tsaya gaban allo ya kwaikwayi rawar wani ɗan hoto, kyamara na ɗauka, kwamfuta na auna daidaiton motsin. Cikin yara 183 masu shekara 7 zuwa 13, ya bambance masu lalurar da marasa ita da kusan kashi 80 cikin 100.

Aikin yana da tushe. An daɗe da lura cewa kwaikwayon motsin jiki na yi wa yawancin waɗannan yara wuya, kuma ta kwaikwayo ne ɗan Adam ke koyon zama da mutane.

To amma kawo na'urar nan wata firamare a Kunci, ka yi lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 ke da lalurar. Mu ƙaddara na'urar na kuskure sau ɗaya cikin biyar. A yara 1,000, za ta kamo takwas daga cikin goma masu ita, sannan ta ɗora alama kan wajen 200 da lafiyarsu ƙalau. Su wa za su tantance su? Sai iyaye sun bar gona sun biya kuɗin mota zuwa Kano, kafin nan kuwa suna ya riga ya bi yaro a unguwa.

Sannan akwai kunya. Yarinyar da ke cashewa a gaɗa da ƙawayenta a dandali, ce mata ta taka rawa gaban baƙo da kyamara ka ga yadda za ta sandare. Yaron da ke kwaikwayon tafiyar tsoho a tashe har mutane su riƙe ciki, shi ma haka. Na'urar za ta rubuta musu ƙaramin maki, alhali tarbiyya ta auna.

Abin da ya fi damuna shi ne, allo ba ya mayar da martani. Kwaikwayo tsakanin yara biyu ba-ni-in-ba-ka ne: ka yi, ya yi, ku haɗa ido, ku gyara. A nan wahalar mai galahanga ta fi fitowa, kuma ɗan hoton CAMI rawarsa kawai yake yi, ko yaron na biye da shi ko ya tsaya.