Kama da Wane ba ta Wane: Gyara kan Muryar "Azumin Rage Ƙiba"

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa, da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ƴan'uwa, kwanakin nan akwai wata murya da ke yawo a WhatsApp, daga wannan salula zuwa waccan. Ni kaina sau uku aka turo min ita, ɗaya ma daga ɗalibin da nake biya wa Risala. Mai maganar bai faɗi sunansa ba. Ya iya zance, kuma ga alama nufinsa alheri ne. Abin da ya ce a taƙaice guda huɗu ne. Wai Turawa sun gano azumi a yanzu, suna yin sa don rage ƙiba. Wai wani masani ɗan Japan ya ci kyautar Nobel saboda ya tabbatar azumin Musulmi yana kashe ciwon daji. Wai hadisi ya riga ya faɗi haka. Sannan ya rufe da cewa mai ciwon sukari da mai hawan jini su dage da azumi, in sun dage za su rabu da ƙwayoyin magani.

Da hira ce kawai ta bakin masallaci, da na bar ta ta wuce. To amma wani dattijo da muke sahu ɗaya da shi, mai ciwon sukari, ya ji muryar nan ya ɗauke ta da gaske. Ya sha ƙwayarsa da safe kamar yadda ya saba, ya ƙi cin komai, wai sai bayan azahar. Kafin a kira salla jikinsa ya hau karkarwa, zufa ta karyo masa, ƴaƴansa suka kwashe shi sai asibiti. Allah ya kiyaye, ya tashi. Wannan ne ya sa na ga wajibi ne mu zauna mu auna maganar, mu ɗauki gaskiyar da ke cikinta, mu ajiye sauran.

Mu fara da sanin abin da ake magana a kai. Wannan rejim ɗin da Turawa ke yayi, ƙaurace wa abinci ne na wani lokaci, a dawo a ci, a sake ƙauracewa. Iri uku suka fi shahara. Akwai na awa 16: mutum ya ci abincinsa duka cikin awa 8, misali daga sha biyun rana zuwa takwas na dare, sauran awa 16 ba ya cin komai. Akwai na kwana 2 a mako: kwana 5 a ci yadda aka saba, kwana 2 a ci ɗan kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin huɗu na abincin yini. Wannan wani ɗan jarida ne na Ingila da ya karanci likitanci, Michael Mosley, ya yayata shi a shirin talabijin na BBC a 2012, ya kuma fitar da littafi a kai a 2013. Na ukun shi ne yini a ci, yini a bari.

Duk wanda ya yi karatu zai ce, ai wannan kamar Litinin da Alhamis ne, wancan kuma kamar azumin Annabi Dawuda ne, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Haka ne, akwai kama. Sai dai kama da wane ba ta wane. Mai wannan rejim yana shan ruwa duk lokacin da ya so, yana shan shayi ko kofi marar sukari da rana tsaka. Ba ruwansa da fitowar alfijir, ba ruwansa da faɗuwar rana, agogo yake kallo. Rabin awannin nasa ma barci yake yi. Mu kuwa, ɗan makarantar da ya karanta Ishmawi ya san azumi kamewa ne daga ci da sha da sha'awa, daga alfijir zuwa magariba, da niyya. A mazhabarmu ta Malikiyya niyyar nan da dare ake kwana da ita, ko da azumin nafila ne. Saboda haka wanda ya bar karin kumallo ya yi ta kurɓar ruwa har azahar bai yi azumi ba, ya jinkirta cin abinci ne. Kiran abin "azumi" da mai muryar ya yi ta yi, shi ne tushen rikicin duka. Sakamakon binciken da aka yi wa masu shan ruwa a ƙasashen sanyi ba a ɗora shi kai tsaye a kan mai azumin ƙishirwa a bazarar Maraɗi ko Damagaram, lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Sai batun mutumin Japan. Sunansa Yoshinori Ohsumi, kuma gaskiya ne ya ci kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2016. Amma a kan me? A kan yadda ƙwayar halitta ke narkar da tarkacen da ke cikinta ta sake amfani da shi, musamman in abinci ya yi mata ƙaranci. Masana na kiran abin otofaji. Kuma aikin da ya ba shi kyautar a kan yis ya yi shi, wannan yis ɗin dai da mata ke sa wa fanke ya tashi, tun farkon shekarun 1990. Kyautar ba a kan Ramadan aka ba shi ba, ba kuma a kan warkar da masu ciwon daji da yunwa ba. Tsakanin ƙwayar yis a kwalbar gwaji da mutum mai ciwon daji a kwance akwai tafiya mai nisa. Mai irin wannan ciwo sau da yawa rama ce ke cin sa, abinci yake buƙata. Ka ce masa ya daina ci, ka cuce shi, ko da kana ganin taimako ka yi.

Na uku, hadisin. Wanda yake nufi shi ne wanda ake yawan ji a wa'azin Ramadan, mai ma'anar cewa yin azumi na kawo lafiya. Ɗabarani ya ruwaito shi, amma Hafiz Al-Iraƙi, a aikinsa na tantance hadisan Ihya, ya ce isnadinsa mai rauni ne, Albani ma ya sa shi cikin raunana. Ba muna cewa azumi ba ya amfanar jiki ba ne. Muna cewa ne jingina wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, maganar da ba ta tabbata ba, abu ne mai nauyi, balle a gina fatawar barin magani a kanta. Allah da kansa ya faɗi dalilin wajabta azumi a Suratul Baƙara, aya ta 183, kuma taƙawa ya ambata. Akwai haɗari ga mai ɗaure imaninsa da labarin "Turawa sun tabbatar". In gobe wasu Turawan suka zo da bincike mai karo da na yau fa? Sai mu daina azumi? Mu muna yi ne don an umarce mu, sikeli ya sauka ko bai sauka ba.

To shi rejim ɗin, yana rage ƙiba? Nan dole a yi wa mai muryar adalci: yana ragewa, amma bai kai yadda ya kambama shi ba. A 2020 masu bincike a San Faransisko ta Amurka sun raba mutum 116 gida biyu na tsawon mako 12. Masu tsarin awa 16 sun rage kusan kilo ɗaya, masu cin sau uku a yini sun rage kimanin kashi biyu cikin uku na kilo. Bambancin bai kai a yi dogaro da shi ba. A 2022 an buga wani binciken daga birnin Guwanju na ƙasar Sin, mutum 139, shekara guda cur. Duka an rage musu yawan abinci, amma rabi an ƙara musu sharaɗin ci tsakanin takwas na safe da huɗu na yamma kawai. Waɗannan sun rage kilo 8, sauran kilo 6 da ɗoriya, nan ma masu binciken suka ce ratar ba ta isa hujja ba. Kafin su, a 2017, an gwada tsarin yini a ci yini a bari a Shikago da mutum 100, sai ga shi bai fi rage abinci na kullum ba, kuma masu wannan tsarin su suka fi gajiya su watsar.

Darasin a fili yake. Abin da ke sauke ƙiba shi ne jimillar abin da ya shiga ciki ta ragu. Agogo dabara ce kawai ta taimaka wa mutum ya rage. Wanda dabarar ta yi masa daidai, yana da lafiya, ya daina ciye-ciyen dare da lemun kwalba saboda ita, madalla, ya ci riba. Wanda kuwa ya haƙura awa 16 sannan ya rama a awa 8, ya wahalar da kansa ne a banza.

Ai mu ma shaidu ne, ba sai an je Sin ba. Kowace shekara muna kame baki wata guda, awa 13 zuwa 14 a yini. Da aka tattara binciken da aka yi wa masu azumin Ramadan a ƙasashe daban-daban, an ga yawanci kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi ake ragewa, kuma ƴan makonni bayan salla galibinsa ya dawo. Me ya sa? Dubi tabarmar shan ruwanmu. Kunu da sukari, ƙosai da fanke sun sha mai, zoɓo kamar zuma, sai shinkafa, sai shayi na ɗaya da na biyu da na uku har tsakar dare. A gidaje da yawa kuɗin cefanen Ramadan ya fi na kowane wata. Da mai muryar ya tsaya a nan ya yi mana faɗa, wallahi da na tura muryarsa da hannuna. Hujja ingantacciya tana nan ya tsallake ta: aya ta 31 a Suratul A'araf ta halatta ci da sha ta hana ɓarna, hadisin Miƙdam ɗan Ma'adikariba da Tirmizi ya ruwaito kuma ya koya mana raba ciki uku, tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Wannan na kullum ne, ba na wata ɗaya ba.

Ɗalibai sun tambaye ni: Malam, in na yi azumin Litinin da Alhamis na gaske, ina son lada, ina kuma son tumbina ya ragu, azumina ya ɓaci? Malamanmu sun riga sun amsa. Imam Al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya bambanta a littafinsa Al-Furuƙ tsakanin riya da haɗa ibada da wata manufa ta halal. Ya kawo misalin mai azumi don neman lafiyar jikinsa tare da nufin ibada, ya ce wannan ba ya ɓata azumin. Riya ita ce a yi don mutane su gani. Sai dai kowa ya binciki zuciyarsa, don lada na bin niyya. In sikeli ne kaɗai a gabanka, to abin da za ka samu ke nan.

Maganarsa ta huɗu ita ce mafi muni, ita ce ta kai dattijonmu asibiti. Mai allurar insulin, da mai shan irin ƙwayoyin da ke tilasta wa jiki fitar da insulin, kamar gilibenkilamid, in ya sha magani bai ci abinci ba sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa warwas, ya suma, har ya rasa ransa. In kuma ya jefar da maganin, sukarin ya hau ya riƙa cin ido da ƙoda da ƙafa a ɓoye. Ƙa'idar da likitocin ciwon sukari suka shimfiɗa wa masu azumi ita ce, in awo ya sauka ƙasa da gram 0,70 a lita, ko ya haura gram 3, ko aka ji karkarwa da zufa mai sanyi da jiri, a karya nan take. Hawan jini kuwa ba ya sallama, wanda ya bar ƙwayarsa don ya ji sauƙi yana wasa da shanyewar ɓarin jiki. Kuma a tuna, azumin farilla ma Allah ya yi wa marar lafiya rangwame a ayoyi na 184 da 185 na Baƙara. Wanda aka sauƙaƙa wa a farilla, don me zai ƙuntata wa kansa a kan rejim?

Haka mai ciki, da mai shayarwa, da yaro mai tasowa, da tsoho mai rauni, da wanda gyambon ciki ke damu, wannan tsari ba nasu ba ne sai da izinin likita. Ina kuma jan kunnen ƴanmatan islamiyya. Jiya ana shan ƙwayoyin "sha ka fashe" don a yi jiki kafin biki, yau kuma ana kwana da yunwa don a rame. Duka biyun cutar da amanar Allah ne. Kada kuma mu manta inda muke zaune. A ƙauyukanmu, daga faɗuwar damina har sabon hatsi ya nuna, akwai gidajen da sau ɗaya ake ɗora tukunya, akwai yaran da tamowa ta kama. Muryar da ke yabon yunwa ba tare da ta ce wa take nufi ba, tana isa ga waɗannan ma. Mai tumbin da ya rage kwano ɗaya, ya san inda zai kai shi.

Hukuncina a kan wannan murya shi ne: ta yi daidai da ta ce cika ciki cuta ne, ta yi kuskure da ta kira rejim azumi, ta ƙara wa binciken Ohsumi abin da ba ya ciki, ta kafa hujja da hadisi mai rauni, ta kuma ba da shawarar da ke iya kashe mutum. Wanda ta iso gare shi kada ya tura ta gaba. Wanda ya riga ya tura, ya bi ta da gyara, ko da da wannan takarda ce. Mai son rage ƙiba ya rage sukari da mai, ya taka da ƙafa zuwa masallaci, ya riƙe Litinin da Alhamis da kwanaki 13, 14 da 15 na wata don Allah, in yana da ciwo kuma ya fara ganin likitansa. Tambayar addini a kai ta ga malami, tambayar magani a kai ta ga likita.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya karɓi ibadunmu, ya tsare mu daga faɗin abin da ba mu sani ba. Allah ne mafi sani.