Hauka da Dukiya: Sharhi a kan Littattafai Uku don Masu Tsara Karatun Manya a Gaya

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce a duba littattafai uku waɗanda a zahiri ba su haɗa hanya ba, a nuna cewa tambaya ɗaya suke yi: wane ne ke da ikon raɗa wa mutum suna, a ce wannan mahaukaci ne, wancan kuwa mai arziki? An ɗauki Gaya a matsayin ma'auni domin gari ne na bakin iyaka, gada ta haɗa shi da Malanbil ta ƙasar Benin, ga kuma Kamba ta Nijeriya kusa, inda fatauci da fasa-ƙwauri suka daɗe suna cuɗanya.

Na farko shi ne Les Damnés de la terre na Frantz Fanon (1961). Fanon likitan ƙwaƙwalwa ne da ya yi aiki a asibitin Blida ta Aljeriya daga 1953 zuwa 1956. A babin ƙarshe ya kawo labarin majinyatansa, waɗanda aka gana wa azaba da waɗanda suka gana ta, ya nuna cewa yaƙin mulkin mallaka ne tushen ciwonsu. Ya kuma rushe ra'ayin likitoci irin su Carothers, masu cewa ƙwaƙwalwar ɗan Afirka ba ta kai ta Bature ba. Rauninsa shi ne ya ɗauki rawa da hawan iskoki a matsayin hanyar huce haushi kawai.

Wannan giɓi ne Adeline Masquelier ta cike a Prayer Has Spoiled Everything (2001), wanda ta gina a kan binciken bori a Dogon Dutsi, cikin jihar Dosso. Ta nuna cewa ga Arawa ciwon iska ba ya rabuwa da zancen kasuwa da kuɗi, da kuma ɗaukakar da ƴan kasuwa Musulmi suka samu a garin. Abin da likita zai kira cuta, ƴan bori suna fassara shi da cewa dangantaka ce ta ɓaci.

Na uku shi ne Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina (1982), labarin Alhaji Gabatari, ɗan fasa-ƙwaurin da dukiyarsa ta saya masa mutunci da bakin ma'aikata. Ƙarfin littafin shi ne bai ɗora laifi a kan mutum ɗaya ba. Ya nuna jerin masu cin moriyar haramun. Sai dai ya raba mutane gida biyu, nagari da miyagu. Mai karatu a Gaya, wanda ya ga an rufe gada a 2023 har talakawa suka koma ƙetare kogi da kwale-kwale don neman abinci, ya san lamarin ya fi haka sarƙaƙiya.

Darasin da ke nan ga masu tsara yaƙi da jahilci na kalmomi ne. Hausa ta bambanta hauka da taɓin hankali da bugun iska, kamar yadda ta bambanta fatauci da fasa-ƙwauri, da arziki da dukiya. Littafin koyon karatun da ya dunƙule ukun farko a kalma ɗaya ya riga ya yanke wa majinyaci hukunci kafin ya isa wurin likita ko boka. Bugu da ƙari, idan za a yi amfani da Turmin Danya a ajin manya na Gaya, wajibi ne a haɗa shi da bayanin kalmomi, domin kwastan da naira na Nijeriya su ne duwan da sefa a wannan gefen iyaka.